Ranar da Na Tsaya wa Ɗan Garuwa Beli

A unguwarmu, idan aka kama mutum, kafin a tambayi laifin da ya yi an riga an tambayi nawa za a kai. Haka na tarar ana yi tun da aure ya kawo ni Abuja. Sai a bi gida-gida ana karo-karo, mai shayi ya sa nasa, mahauci ya sa nasa, matan aure su taɓa kuɗin adashe, a damƙa wa wani dattijo ya je ya yi magana. Kafin isha'i wanda aka kama ya dawo, a yi masa jaje, a watse. Ba a jimawa kuma a sake bi saboda wani.

Wanda ya san Abuja a talabijin, Maitama da Asokoro ya sani. Masu yi wa waɗannan unguwanni gadi da gini da wanki da gyaran takalmi kuwa a gefe suke kwana, irin su Karmo da Gwagwa da Dei-Dei da Zuba da Mpape da Kabusa. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, 'yan acaɓa ma nan suka dawo. Da yawansu samari ne 'yan ci-rani daga Katsina da Jigawa da Zamfara da Kano, ba su jin Turanci, ba su da dangi a kusa, ba su da adireshin da za a rubuta a takarda. Idan aka fito kame, su ake fara tararwa a bakin titi.

Zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda a watan Oktoban 2020 ba ta shigo layinmu ba, amma maganarta ta shigo. A cikin wannan muhawara ne wata matashiyar lauya da ke haya a gidan maƙwabtanmu ta ce in muna so, za ta riƙa zama da mu ranar Asabar bayan la'asar tana koya mana doka. Ni ina koyarwa a Islamiyya, sai na roƙi a ba mu aron aji. Waɗanda suka ɗore da zuwa su ne na'ibin limaminmu, da shugaban 'yan garuwa, da wani tsohon ma'aikacin gwamnati ɗan ƙabilar Gbagyi, da wata mai sayar da abinci da ke zuwa daga coci kai tsaye bayan gwajin waƙa, sai ni da wasu mata. Barista, kamar yadda muke kiranta, ba ta yi mana dogon Turanci. Ta kan buɗe littafi ta karanta sashe, ta mayar da shi Hausa, ta ce mu rubuta lambarsa.

A nan na fara jin cewa sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40. A Abuja kuwa kotuna ba su da nisa. Sashen ya kuma ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Sai ta kawo mana dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu daf da barinsa mulki, lauyoyi suna kiranta ACJA. Sashe na 7 jimla ɗaya ce tak: ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Sashe na 8 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta sake nanata waɗannan biyun. Barista ta ja mana kunne cewa a Babban Birnin Tarayya wannan doka kai tsaye take aiki, amma da ka tsallaka Nyanya ka shiga Mararaba kana Jihar Nasarawa, Suleja kuma Jihar Neja ce, kowace da tata dokar, kada mu je can muna ƙirga musu lambobin Abuja.

Muka sayi babban littafi na rubuta sunan duk wanda aka kama, da lokaci, da wuri, da wanda ya gani. Muka buɗe asusu, muka yi alƙawarin cewa kuɗinsa na mota ne da abinci da buga takardu, ko sisi ba za a miƙa a kantar 'yan sanda ba. Yin alƙawarin a cikin aji bai yi wa kowa wuya ba.

Wata Juma'a da yamma shugaban 'yan garuwa ya yi sallama a ƙofar gidanmu. An tafi da ɗaya daga cikin yaransa daga bakin rijiyar burtsatse, da kurar ruwansa da komai. Yayan yaron yana gadi a wani gini da ba a gama ba, an wayi gari an yanke wayoyin lantarkin da aka ja a ciki, shi kuma yayan ba a gan shi ba, wayarsa a kashe. Da aka rasa shi, aka nuna ƙanin. Kamun Juma'a da yamma kowa ya san abin da yake nufi, domin kotu ba ta zama Asabar da Lahadi.

Kafin mu fita na rubuta komai a littafi, har da sunayen mutanen da ke layin ruwa lokacin da aka tafi da shi. Barista ta koya mana kada mutum ya je caji ofis shi kaɗai, don ba shi da shaida, kada kuma a je da taron jama'a, don ana iya cewa tarzoma aka zo yi. Ni da na'ibi da shugaban 'yan garuwa muka tafi, da ledar abinci da ruwa.

A kanta muka yi gaisuwa yadda ya kamata. Na ce, "Yallaɓai, mun zo ne a kan yaron da aka kawo daga bakin burtsatse. Muna so mu san laifin da ake tuhumarsa da shi." Aka ce mu jira mai binciken. Muka jira har aka kira isha'i, ga rubutu a bango da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Da ya zo, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce yaro zai zauna har yayansa ya fito. Daga baya ya ja shugaban 'yan garuwa gefe, ya ce in an kawo Naira dubu 50, a daren zai kwana a ɗakinsa. Na matsa na ce ni zan tsaya masa, ga katina na ɗan ƙasa, gidana sananne ne. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, mace ba ta beli. Je ki turo maigida."

Ina da takardar a jaka. Sashe na 167 na dokar 2015 ya ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce. Na miƙa masa cikin ladabi, ya karanta, ya mayar mini ya ce in kai wa alƙali. Ban ɗaga murya ba, don duk wanda ya yi faɗa a kanta, wanda ke bayan kanta ne zai ɗanɗana kuɗarsa bayan an tafi. Na dai tambayi sunansa da muƙaminsa, na rubuta a gabansa tare da lokaci.

Wahalar gaske a gida muka tarar da ita. Yaron yana da gwaggo a unguwar, bazawara mai injin markaɗe, kuma kafin mu dawo ta riga ta yi cinikin injin da wani. Da na'ibi ya fara yi mata bayanin alƙawarinmu, sai ta juyo gare ni ta ce, "Malama, ke 'ya'yanki suna kan katifa. Nawa yana kan siminti. Uwarsa amana ta ba ni." Gaskiya ta faɗa, kuma har yanzu ina ganin duk mai wannan aiki ya kamata ya riƙe maganar nan a ransa. Mu da muka ce ba za a biya ba, a gidajenmu za mu kwana. Sauro da zafi da warin bokiti, wani ne zai sha su a madadin alƙawarinmu. Ba mu da ikon sa ɗan wani ya yi mana wannan sadaukarwa ba da yardarsa ba.

Tsohon ma'aikacin nan ne ya raba gardamar. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a tambayi yaron. Muka gaya wa gwaggo cewa injin nata ne, ɗa nata ne, in ta ga za ta biya ba mai tare ta, ba kuma mai ganin laifinta. Abin da muka roƙa kawai ta dakata a ji ta bakinsa.

Da safe da muka kai koko da ƙosai aka bar ni na yi magana da shi ta tsakanin ƙarafuna, na ɗan lokaci kaɗan. Na faɗa masa hanya biyu ce, kuma ban ƙawata tamu ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, in Gwaggo ta sayar da injin, da me za ta ci? Kuma ai yayana bai fito ba. In an biya yau, jibi ma ni za a zo a ɗauka." Ya tambaye ni ko Litinin tabbas ce. Na ce tabbas na Allah ne, amma da an buɗe kotu za a same mu a ƙofa. Ya kuma gaya mini cewa da dare an kawo masa takarda da Turanci an ce ya dangwala, ya ce shi sai mutanensa sun zo. Shugabansu ne ya sha faɗa musu haka a wurin wankin jarkoki, daga abin da yake ji a ajin Asabar. Sashe na 17 na dokar 2015 ya ba wanda ake zargi damar a ɗauki bayaninsa a gaban lauya ko wani da ya zaɓa, kuma in ba ya jin Turanci a kawo tafinta. Yaron bai san lambar sashen ba, amma ya riƙe hannunsa.

A ranar Barista ta rubuta takardar koke zuwa ga baturen 'yan sandan yankin. Shafi ɗaya ce, ba zagi ba barazana: sunan yaro, lokacin kamu, abin da mai bincike ya faɗa a gaban shaidu, sassan dokar, da roƙon a sake shi ko a kai shi kotu. Kwafi biyu muka kai, muka tsaya sai da aka buga hatimi da kwanan wata a kan namu, domin takardar da ba ta da hatimi gobe ana iya cewa ba a gan ta ba. Ta kuma tura ƙorafi ta waya ga sashen karɓar koke-koken jama'a na rundunar 'yan sanda, wanda aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Wasu a cikinmu sun so a garzaya gidan rediyo, wasu sun ce a sa hoton yaron a Facebook. Barista ta ce a ajiye wannan tukuna, domin da zarar abu ya zama na nuna isa a idon duniya, sai kowa ya kafe a kan bakansa.

Lahadi ta wuce da kai abinci. Matan layinmu suka raba girkin a tsakaninsu, aka riƙa ƙarawa da yawa saboda ba shi kaɗai ne a ciki ba, akwai waɗanda ba mai kawo musu ko ruwa.

Litinin da sassafe muna kotun majistare. Sashe na 32 na dokar 2015 ne ya kai mu: idan an tsare mutum fiye da awa 24 ba a ba da belinsa ba, kuma laifin ba na hukuncin kisa ba ne, ana iya sanar da kotu a madadinsa, da baki ko a rubuce, kotu kuma ta ba da umarnin a kawo shi ta binciki dalilin tsarewar. Barista ta shigar da tamu a rubuce a ofishin magatakarda, haɗe da takardar rantsuwa da shugaban 'yan garuwa ya yi a kan abin da ya gani da wanda ya ji. Sauran duk jira ne a kan benci. Da aka kira mu, alƙali ta saurari Barista, ta duba kwafinmu mai hatimi, ta ba da umarnin a gabatar da shi washegari. Yaron ya ƙara kwana ɗaya a kan wanda muka yi masa fata, kuma ni ce na je na faɗa masa. Bai ce komai ba sai "Allah ya kai mu."

A zauren kotu na fara ganin mai ƙarar, ɗan kwangilar da aka yanke wa wayoyi. Ba azzalumi na gani ba, mutum ne da aka yi wa asara, mai ginin kuma yana bin sa. Haƙƙinsa ne a nemo masa ɓarawonsa. Amma da alƙali ta tambayi mai gabatar da ƙara ko akwai wanda ya ga wannan yaron a wurin ginin, ko an sami wani abu a hannunsa, amsar ita ce ana kan bincike. Ta sake tambaya, me ya haɗa shi da maganar in ban da zamansa ƙanin maigadi. Ba a ba ta amsa mai kama hankali ba. Tafinta yana mayar wa yaron komai da Hausa. Nan take ta ba da belinsa, da sharaɗin mutum ɗaya mai tsayayyen adireshi a yankin kotun ya tsaya masa.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa, har gwaggo ta dafe ƙirji da ta ji adadin kuɗin da aka ambata. A irin wannan belin, kuɗin ba biyansa ake yi ba. Alƙawari ne mai tsayawa yake sa wa hannu, cewa in wanda ya tsaya wa ya gudu, kotu na iya karɓar wannan adadi daga gare shi. Saboda haka abin ba wasa ba ne, kuma tun daren Lahadi na zauna da maigidana a kai. Damuwarsa mai tushe ce: ɗan ci-rani da ruwa ya sauka hankalinsa na gona, in ya tafi ba sallama, mu za a riƙe. Shugaban 'yan garuwa ya zo har zaure ya ce ya san garinsu, ya san mahaifinsa, kuma ya ɗauki nauyin kawo shi duk ranar da aka neme shi. Maigida ya ce to, Allah ya rufa asiri.

Aka ba ni fom na cika, na manna hotunan fasfo, na haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da takardar hayar gidanmu, na yi rantsuwa cewa abin da na rubuta gaskiya ne. Ba wanda ya tambaye ni ina maigida. Aka haɗa mu da ma'aikacin kotu ya je ya ga gidan da idonsa, ya tambayi maƙwabta ko nan nake. Sai bayan ya dawo ya rubuta rahoto aka kai wa alƙali ta sa hannu. Ana kiran la'asar yaron ya fito ba takalmi, na'ibi ya saya masa silifa a bakin titi.

Fitowa ba ta gama magana ba. Kurar ruwan ba tasa ba ce, haya yake biya kullum, kuma mai ita yana lissafin kwanakin da ta yi a tsare. Dokar ta ce a rubuta kayan da aka karɓa daga hannun wanda aka kama, don haka Barista ta sake rubuta takarda, aka ba da kurar da wayarsa, jarkoki dai ba su cika ba. Asusu ya cike su, na'ibi kuma ya roƙi mai kurar ya yafe rabin hayar. Duk ranar da kotu ta sa, ni da yaron muna can tun kafin a buɗe, shi ya rasa cinikin safe, ni na nemi mai riƙe mini aji. Da aka yi ta zuwa ba a kawo wata tuhuma a kansa ba, alƙali ta sallame shi, ni ma aka sauke mini nauyin.

A kan abin da ya kamata ya biyo baya ne kawunanmu suka rabu. Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, sashe na 46 kuma ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar sun ma sauƙaƙa, har wani na iya shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta. Barista ta ce za ta yi kyauta, in aiki ya yi mata yawa kuma akwai Hukumar Tallafin Shari'a da aka kafa tun 1976 don marasa galihu, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Maitama. Ni ina cikin masu so a shigar, don ina ganin sai an fara biyan diyya kafin a daina kama ƙani saboda wa. Yaron ya ce a'a. Ya ce a kan titin nan zai ci gaba da tura kura, kuma motar sintiri ta nan take bi. Ban ji daɗi ba, amma shi zai kwana da sakamakon, don haka muka bar maganar. Damina na faɗuwa ya zo ya yi mana sallama ya tafi gida noma.

Abin da ya fi tsorata ni a duk tafiyar shi ne yadda hanyar gidan yari take kusa. Da ya dangwala a takardar nan, da wataƙila an kai shi zaman wakafi, kuma a Najeriya mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Shi ya sa muka koma kan sashe na 34 na dokar 2015, wanda ya ɗora wa babban majistare ziyarar wuraren tsare mutane na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajista, ya ba da beli inda ya dace. Yanzu farkon kowane wata muna fitar da sunayen waɗanda ke tsare daga littafinmu, Barista ta rubuta wasiƙa, ɗayanmu ya kai ofishin magatakarda a buga hatimi.

Har yanzu akwai gidajen da suke zaɓar su biya, kuma ba ma fushi da su, muna dai roƙonsu su bari mu rubuta abin da ya faru. Mun buga haƙƙoƙin nan a takarda ɗaya da boko da ajami, an liƙa a wurin mai shayi da bakin burtsatse da tashar 'yan acaɓa. Wasu matan layinmu, har da gwaggon yaron, sun ɗauki hotunan fasfo sun haɗa da kwafin katinsu sun ajiye a wurina, saboda masu tsayayyen adireshi a unguwa irin tamu galibi matan aure ne, mazan kuma da rana suna wurin nema. Asabar mai zuwa za mu zauna da wasu 'yan acaɓa daga Mararaba da suka nemi a koya musu riƙe littafi, Barista kuma tana nema musu lauyan da ya san dokar Nasarawa.